Kwandon Wardi da Tantin da Ba Kowa

Tun ranar da Rudina ta ce wa mahaifinta Pandi shi ne babban mutumin wasan, bai ƙara kai reza fuskarsa ba. Kafin sanyi ya gama sakin garin Korca gemun ya fito fari tas, ya rufe masa haɓa da wuya. Kullum sai ka same shi gaban madubin bakin ƙofa yana shafa shi, ya juya hagu, ya juya dama, ya gyara murya har tagogi su amsa.

Mutumin nan shekara arba'in ya yi a gidan wasan kwaikwayo na gari. Ya yi sarki, ya yi janar, ya yi uban amarya mai taurin kai, ya mutu a kan dandamali sau ba adadi ana tafa masa. In ka biye masa, duk Albaniya ba a haifi wanda ya iya faɗuwa ƙasa kamarsa ba. Amma da ya yi ritaya, matarsa kuma ta rasu, sai ya dasa kansa a kujerar bakin taga ya ƙi motsi. Ba ya zuwa shan kofi da tsoffin abokansa, ko burodi ba ya fita saye. Magana kuwa sai in ta cin fuska ce. Ranar da Rudina ta gaya masa ta shiga addinin Baha'i, shekara biyu ke nan, ko juyowa bai yi ba.

"Ba limami, ba fasto, ba ko kurɓin giyar raki, sai shayi da taro," in ji shi. "Allah ya ba da sa'a."

Saboda haka da jama'ar Baha'i suka ɗora mata shirya wasan bikin Ridwan, tunda ita ce malamar adabi a sakandare, sai ta ga ƙofa ta buɗe. Labarin kowa ya san shi: kwanakin da Baha'ullah, wanda ya kafa addinin, ya yi a wani lambu a bakin kogin Bagadaza kafin a fitar da shi daga garin, inda ya bayyana wa mabiyansa saƙonsa. Kowace asuba masu lambu su tsinko wardi su tara a tsakiyar tantinsa, har na wannan gefe ba ya hango na wancan. Ta zauna ta rubuta shi tsaf, ta ɗora wa tsohon a gwiwa. Ya karanta yana tsaki, yana kushe kowane shafi, sannan ya ɗora yatsa a kan sunan da ya fi yawan fitowa.

"Wannan wa zai yi shi?"

"Wa kuwa in ba kai ba, Baba?"

A ranar ya tashi daga kujerar. A ranar ya tambayi inda aka kai takalminsa na fita.

Rubutun nan ba ta nuna wa kowa cikin jama'ar ba, kuma da dalilinta. 'Yan Baha'in Korca ba sa kashe ko ƙuda sai an zauna an yi shawara. Launin labulen ɗakin taro sai da ya ci zama bayan zama, har Rudina ta fara addu'ar a bar tagar haka tsirara. Ga kuma al'adar nan tasu mai ban haushi: da zarar ka ajiye ra'ayinka a tsakiya, ya tashi daga naka, ya zama na kowa, kowa kuma sai ya sa masa hannu. Ta ga yadda aka yi wa wata waƙa da ta taɓa kawowa, ta shiga da baiti shida masu kyau ta fito da abin da ita kanta ba ta gane ba. Wannan karon ta ce sai dai su ga abu a gabansu.

An yi taron wata a ɗakin da ke saman kantin maganin Luan, wanda shi ke jagorantar zama a shekarar. Bayan addu'o'i aka shiga shawara. Rabin matan da ke wurin yatsunsu ja ne jawur, domin wardi ba ya buɗewa a Korca kafin bikin, sai dai a yi na takarda, kuma takardar tana zuba. Da aka zo kan wasa Rudina ta miƙe, ta kasa ɓoye murmushi.

"Ina da albishir. Kun san wa zai fito a matsayin Baha'ullah? Babana. Pandi da kansa. Ku ga gemun da ya tara!"

Ta tsaya tana jiran tafi. Wani da ke juya cokali cikin kofi ya daina. Luan ya dubi silin, matarsa ta dubi yatsunta, kowa ya sami abin kallo ban da Rudina.

Gwaggo Tefta ce ta yi magana. Tsohuwa ce da ta yi rayuwarta tana sayar da tikiti a ƙofar gidan wasa, kuma tana cikin mutanen farko da suka karɓi addinin a garin bayan faɗuwar tsohuwar gwamnati.

"'Yata, matso kusa."

"Ina jin ki daga nan, Gwaggo."

"Ba a yi."

"Ba a yin me?"

"Ba a fitowa a matsayinsa. Ba shi ba, ba Annabi Isa ba, ba Annabi Muhammadu ba, ba kowane manzon Allah ba. Ba a wasa, ba a zane."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin uwata ta haife ni."

"Shi ne duk cikinku ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini? Shekara biyu ina shan shayinku!"

"Ai da kin kawo rubutun an yi shawara..." Luan ya fara, cikin muryar nan tasa ta gaya wa majinyaci ya sha ƙwaya bayan cin abinci.

Rudina ta ji kamar ta kwashe shi da farantin biskit. Ta haɗiye, ta zauna, ta shiga ciniki irin na kasuwa.

"To ya juya wa mutane baya. Ba wanda zai ga fuskarsa."

"Bayan wa za a ce ana kallo?" in ji Gwaggo Tefta.

"A sa labule. Inuwarsa kawai."

"Ba a yi."

"Murya! Daga cikin tanti, murya kawai. Kun san muryar Babana."

"Na san ta, ta hana ni barci ina budurwa. Ba a yi."

"Hannu. Hannu ɗaya ya fito ya miƙa fure ya koma."

"Hannun wa?"

"To fitila! A kunna fitila a ciki!"

"In don a ga hanya ne, kunna. In fitilar ce shi, kashe abarki."

"Kujera fa? Ko ita ma haramun ce?"

"Kujera ba laifi," tsohuwar ta ce, "muddin ba ta buɗe baki ba."

Wani ya yi dariya, ya mayar da ita tari. Rudina ta ce a ɗaga hannu a ƙirga, Luan ya ce mata cikin ladabi wannan ba maganar ɗaga hannu ba ce, ko duk garin ya ɗaga ba abin da zai canza. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne ba wanda ya ɗaga murya. Ita a gidan da ta tashi, in an yi faɗa ana buga ƙofa ne, a fasa kofi, a huce. Nan kuwa tana tafasa ana tura mata farantin lakror, wainar nan mai albasa da tumatir, ana cewa ta ci tun da zafi. Yaya mutum zai yi faɗa da wanda ke zuba masa shayi?

Sai kuma suka yi abin da ta guda tun farko: suka sa wa wasanta hannu. Wannan ya ce a kafa tantin a bar bakinsa a ɗan buɗe. Waccan ta ce a tara wardin a ciki yadda za a hango tudunsa. Wani ya ce duk abin da zai faru ya faru a waje, masu lambu da mutanen gari suna shiga suna fita, daga fuskokinsu za a gane abin da suka gani. Kafin shayi ya huce sun gina wani wasa dabam, kuma abin takaicin, ba shi da muni. Wannan ma sai ya ƙara mata haushi.

"Babana fa?" ta ce. "A ina kuka ajiye shi?"

"Ga babban mai lambu," in ji Luan. "Shi ke fara shigowa da kwando."

"Kwando! Mutumin da ya yi sarki shekara arba'in, ku ce ya ɗauki kwando? Kun san abin da na sha kafin in raba shi da kujerar nan? In na gaya masa wannan, wallahi komawa zai yi, kuma sai dai gawarsa ta sake fitowa."

Kowa a ɗakin ya san ba ƙari ta yi ba. Luan ya ce zai riƙe kwandon kafin tsohon ya amince. Gwaggo Tefta ta naɗe mata ragowar lakror a takarda, ta danƙa mata, ta riƙe hannunta.

"Yau ki gaya masa. Kada maganar ta kwana."

Ta hau matakalar gida da niyyar gaya masa, Allah ya sani. Amma tun daga ƙasa ta jiyo ƙamshin wake. Pandi ne tsaye a bakin murhu da tawul a kafaɗa, mutumin da ko ruwan zafi bai dafa ba tun rasuwar matarsa. Ya je wajen mai aski an daidaita masa gemu. Daga can ya biya wurin shan kofi, ya tarar da biyu daga cikin tsoffin abokansa, ya gaya musu su nemi kujerar gaba, za su ga abin da ba su gani ba tun zamanin ƙuruciya.

"Me mutanenki suka ce?" ya tambaya yana ɗanɗana romo.

"Sun yi... sun yi mamaki."

"Dole su yi. Kawo kwano."

Ta kawo kwano. Ta ce gobe.

Goben ta zo ta wuce, jibi ma haka. Rudina ta wayi gari tana shirya wasa biyu. Na gaskiya a saman kantin magani, inda Luan ke shigowa da kwando yana tafiya kamar mai neman ɗakin likita, matarsa na tuna masa layinsa daga bayan labule da murya mai ƙarfi fiye da tasa. Na ƙarya kuma a ɗakin girkin gida, inda tsoho ke tsayawa tsakanin firji da tebur yana zuba jawabin da ba wanda zai taɓa ji. In ya tambayi yaushe zai haɗu da sauran 'yan wasa, ta ce ana fentin ɗakin. In ya sake tambaya, ta ce fentin bai bushe ba. Ita da ta shiga addinin da ake karanta mata falalar gaskiya kowane zama, ga ta tana ƙirƙiro fenti.

Ko wurin sauke haushin ma ba ta samu ba. Wata rana bayan gwaji ta tare Luan a matakala.

"Kai dai ka gaya mini gaskiya, Gwaggo Tefta ba ta cika taurin kai ba? Tsohuwar nan fa in ta kafe..."

"Gwaggo kam akwai kirki," Luan ya ce da sauri. "Kin san ita ta yi jinyar surukata?"

"Ba kirkinta nake tambaya ba!"

"Ga iya lakror."

Haka suke. Ka buɗe baki za ka ci naman wani a bayansa, sai su toshe maka shi da alherin mutumin. Rudina ta sauka tana ƙunƙuni ita kaɗai: giya an hana, ƙarya an hana, gulmar ma da talaka ke hucewa da ita an hana, to da me ake so mutum ya rayu?

Ita kuwa Gwaggo Tefta ba ta sake ce mata komai ba sai sau ɗaya, tana murɗa takarda a kan waya tana yin fure, ba ta ko ɗago ba.

"Ni dai in ya tambaye ni ba zan ce masa fenti ba."

Ranar Asabar da la'asar, ana saura 'yan kwanaki biki, ana tsakiyar gwaji. An kafa tantin da farin zanen gado da sandunan labule, an tara wardin takarda a ciki har ya yi tudu. Luan ya shigo da kwando karo na barkatai, ya yi tuntuɓe da igiyar tanti, Rudina ta dafe kai. Sai aka ji takun mutum a matakala, a hankali, da tsayawa a kowane hawa. Ƙofa ta buɗe. Pandi ne, cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza da biki, hula a hannu, gemu a taje.

Ya shaƙi iska sau biyu.

"Fentin ya bushe," in ji shi.

Ya tako tsakiyar ɗakin yana duba komai da idon wanda ya san aiki, ya girgiza sandar tanti, ya taɓe baki, ya leƙa ciki.

"An cika shi da takarda. Ni a ina zan zauna?"

Rudina ta dubi Gwaggo Tefta, tsohuwar ta dube ta, ta ci gaba da murɗa furenta. Ba mai ɗaukar mata wannan kayan.

"Baba, ba za ka zauna ba. Ba wanda zai zauna. A addininmu ba a fitowa a matsayinsa, ko murya, ko inuwa. Ni ce ban sani ba lokacin da na rubuta. Laifina ne."

Ta shirya wa tsawa. Da ma tsawar ya yi. Sai ya tsaya yana juya hular a hannunsa, ya tambaya a hankali:

"Yaushe kika sani?"

"Ranar da ka dafa wake."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi mutanen da ke tsaye cirko-cirko da rawunan tawul a kansu, ya dawo da ido kanta.

"Dokarku taku ce, ba ruwana. An sha ƙwace mini rawar da zan taka, wani lokaci ana gobe wasa, ban mutu ba. Amma shekaranjiya na tsallake shafi guda cur da gangan, don in ga. Kin san me kika ce? 'Ya yi kyau, Baba.' Na yi tari a tsakiyar jawabi, ya yi kyau, Baba. Na ɗauka kin kira ni ne don na iya. Ashe kunu ake ba majinyaci, ana shafa masa kai yana sha."

"Ba haka ba ne..."

"Haka ne. 'Yata ta cikina ta mayar da ni abin tausayi a gaban firji."

Maganar ta soke ta, domin gaskiya ce. Ya sa hularsa ya juya. Rudina ta ga kujerar bakin taga a idonta ƙarara, da bayan kansa, da shekarun da suka rage masa a cikinta.

Luan kuwa, bawan Allah, kirkinsa ya zaɓi wannan lokacin ya yi ɓarna. Ya sha gaban tsohon da kwando a hannu biyu.

"Baba Pandi, don Allah ka karɓi tawa rawar. Mai lambu ne, ba wuya, layi uku ne kacal. Ba za ka gaji ba. In ka manta ma matata za ta tuna maka."

Rudina ta rufe ido. Ko da gangan aka aiko shi ba zai fi haka ba.

"Ba zan gaji ba," Pandi ya maimaita. "Matarka za ta tuna mini." Ya fizge kwandon. "Kauce, mai magani. Sau ɗaya zan nuna muku abin da kuka rasa, sannan in tafi gidana."

Ya koma bakin ƙofa, ya tsaya, ya sauke kafaɗu. Nan take ya zama wani mutum. Ya tako a sunkuye, kwandon na rawa a hannunsa. Da ya hango tantin sai ya ja ya tsaya kamar an buge shi a ƙirji. Fure ɗaya ya suɓuce ya faɗi, ya bi shi da kallo. Ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ya juyo da fuskarsa ga mutane, hawaye na gangarowa cikin farin gemun, ya ɗaga hannu sama, ya faɗi layi ukun nan da muryar da ta sa kofunan shayi suka yi ƙara a kan tire.

Ɗakin ya ɓarke da tafi. Matar Luan na kuka wiwi, Luan na share tabarau, Gwaggo Tefta ta fyace hanci da jan yatsunta har ta ɓata fuska. Pandi ya miƙe, ya kaɗe gwiwa, ya ajiye kwandon a kan kujera.

"Kun gani. Sai wata rana."

Rudina ba ta tafa ba. Tana tsaye tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, kuma kowane ido a kan mahaifinta yake. Tantin na can gefe, zanen gado da takarda, ba wanda ya tuna da shi. Mutanen nan da suka hana ta inuwa, suka hana ta murya, suka hana ta ko ɗan yatsa saboda girman wanda ke cikin tantin, ga su sun ba shi baya suna tafa wa ɗan wasa. Duk haushin da ta haɗiye tun daren lakror ya taso mata gaba ɗaya. Ta gaji da lallashi, ta gaji da murmushi, tunda tafiya zai yi ko ta yi shiru ko ta yi magana.

"Bai yi ba," ta ce.

Hannun Pandi na kan mariƙin ƙofa. Ya juyo.

"Me kika ce?"

"Na ce bai yi ba. Ko kusa. Mai lambu aka ce maka, ba sarkin da aka tuɓe ba. Mutum ne da ya tashi tun asuba, ƙaya ta soke shi, yana da sauran lambu a gabansa, ya zo ajiye fure. Wa ya ce ka juyo wa mutane fuska? Ka cika wurin kamar kai kaɗai Allah ya halitta. Luan, ka kalli tantin?"

"Ni... to, a gaskiya..."

"Gwaggo, kin kalli tantin?"

"Ni dai Pandi nake kallo," tsohuwar ta ce, ta sunkuyar da kai.

"Ka ji! Wasan nan gaba ɗayansa don a kalli can ne, kai ka sace shi ka sa a aljihu. Furen nan da ka yar kuma, wannan tsohuwar dabarar tun ina 'yar firamare nake ganinta, da hular janar ka yi ta, da wasiƙa ka yi ta. Ta tsufa, Baba."

"Rudina, a hankali mana," Luan ya ce, "mahaifinki ne fa, ga shekaru..."

"Kai, rufe mana baki!" Pandi ya daka masa tsawa. "Darakta na magana kana sa baki? A kantinka haka ake yi?"

Luan ya ja da baya har ya taka wardi. Tsohon ya saki ƙofar, ya tako ya tsaya gab da 'yarsa, gemun na rawa, ido jawur.

"Durƙuson fa?"

"Cire shi."

"Wannan durƙuson ya sa mata sun suma a Tirana, babban birni!"

"Su suma a can. Cire shi."

"Hawayen?"

"Bar su a gida."

"Muryar?"

"Rabinta ma ta yi yawa."

"To don ubanki me kika bar mini?"

"Kwando. Da tantin. In ka iya, mutum ɗaya ba zai san ka shigo ba, amma kowa zai rantse akwai wani a ciki. In ba ka iya ba, ka ce ba ka iya ba, Luan na nan."

Rudina ta san ta zuba duk abin da take da shi a faifai ɗaya. Pandi ya daɗe yana kallonta, irin kallon da bai yi mata ba tun tana ƙarama.

"Luan na nan," ya ce. "Ji wulaƙanci."

Ya cire hular, ya tuɓe kwat ɗin, ya jefa wa Gwaggo Tefta ba tare da ya dube ta ba. Ya naɗe hannun riga, ya ɗauki kwandon, ya tsugunna da ƙyar ya tsince furen da ya yar ya mayar ciki.

"Daga ina?"

"Daga ƙofa."

Ya koma bakin ƙofa yana ƙunƙuni a kan 'ya'yan zamani da addinin masu shayi. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya ɗaga ƙafa.

"Tsaya," in ji Rudina. "Sake."

"Ban ma taka ba!"

"Na ga kafaɗarka. Sarkin yana nan."

Ya zage ta ƙasa-ƙasa, zagi mai kyau irin na bayan labule, wanda ya sa matar Luan ta toshe kunne. Rudina ta ji hawaye sun cika mata ido don daɗi, ta goge da bayan hannu da sauri, don in ya gani ya ɗauka tausayi ne komai ya rushe. Ta ɗaure fuska tamau, ta tafa hannu sau ɗaya.

"Ba mu da lokaci, Baba. Sake."

Ya sauke kafaɗar, ya gyara riƙon kwandon, ya sake ɗaga ƙafa.